Farar Wuta a Gonar Hamdara

A kasuwannin ƙauye na ƙasar Damagaram ba a rasa mutumin nan mai shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera ƙananan kaya a kai: kanwa ja da fara, kwalli, citta, kanumfari, kimba, saiwoyi iri-iri. A tsakaninsu akwai wasu ƴan gutsattsari ruwan ɗorawa, masu ɗan ƙyalli, waɗanda in ka danna su da farce sai su dagargaje. Tambaye shi sunansu, zai ce maka farar wuta. Tambaye shi amfaninta, zai ce ana daka ta a kwaɓa da man shanu ko man kaɗe a shafa wa mai ƙazuwa da mai makero, kuma maharba na sayenta don haɗa albarushi. Abin da kasuwa ta sani ke nan, kuma duk gaskiya ne. Har gobe likitocin fata suna ba masu ƙazuwa man shafawa mai farar wuta a ciki.

Ba fara ba ce, kuma ba ta zama wuta sai an kusanta mata ashana. In ta kama sai ta narke, harshenta ya tashi shuɗi, koɗaɗɗe, wanda da rana tsaka da ƙyar ido ke kama shi, hayaƙinta kuma ya shaƙe maƙogwaro nan take. A ganina wanda ya raɗa mata suna wannan koɗaɗɗen harshen ya gani. Ya same ta ne a tafin hannunsa, an auno masa, ya biya kuɗi, ya kai gida ya kunna. Sunan haja ne, irin wanda ake ba baƙon kaya.

Kuma a matsayin baƙuwa Damagaram ta san ta. Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya riƙe sarauta daga 1851 zuwa 1884 a hawansa na biyu, shi ne ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, ya sa maƙera suka zuba igwa a cikin Zinder, ya kuma sa ana haɗa albarushi a gida. Albarushi abu uku ne: kashi 75 cikin ɗari wani gishiri ne da ake tacewa daga ƙasa, kashi 15 gawayi, kashi 10 farar wuta. Gawayi ga shi nan a daji, gishirin ma ana iya tace shi a gida, amma kashi goman nan sai an jira ayari. Ta hamada take zuwa a bayan raƙuma, tare da bindigogi da takarda da sauran hajar Tarabulus. A wancan ƙarni mafi yawan farar wutar da ke yawo a kasuwannin duniya daga tsibirin Sisiliya ake haƙo ta, inda yara ƙanana ke sunkuyo da dutsenta a kafaɗa daga ramuka masu zafi. Ƙarfin da ya sa Damagaram ta iya ɗaga wa Barno kai, wani ɓangarensa yana rataye da wannan ɗan kason da ba a samu sai daga nesa.

Malamai suna da nasu sunan, kibiritu, wanda ya shigo da littattafan Larabci. A wajen sufaye jan kibiritu shi ne abin da ake nema ba a samu, har ya zama laƙabin waliyyin da samun irinsa ke da wuya. Sha'arani, malamin Misira da ya rasu a 1565, da wannan suna ya kira littafinsa a kan ilimin Ibn Arabi. Sunan kasuwa da sunan zaure sun haɗu ke nan a kan magana ɗaya: abin nan na nesa ne, kuma kaɗan ne.

Alhali kuwa mai shimfiɗar buhun nan da kansa, in nauyinsa ya kai kilo 70, yana ɗauke da wajen giram 140 na farar wuta a jikinsa, fiye da duk abin da ya kasa a gabansa, kuma ninkin ƙarfen da ke jikinsa sau talatin da wani abu. Tana cikin gashinsa da farcensa da naman jikinsa. Ba ayari ne ya kawo masa ita ba. Daga tuwon gero ya same ta, geron kuma daga rairayin gonarsa.

Wanda ya bi babbar hanya daga Mirriya ya ratsa Hamdara ya nufi Gidimuni zai fara ganin kwaruruka tsakanin tuddan rairayi, inda ruwa ke kusa, dabino da rake ke tsaye, ƙasa kuma ke yin farin ɓawo da rani. Can gaba, a Muniyo da Mangari, wannan ɓawon ya ciyar da ayarori ƙarni bayan ƙarni, kuma fatake ba su yi masa jam'u ba. Kowane iri da sunansa: farar kanwa, jar kanwa, gari, manda, gwangwarasa, ga ungurnu da ke zuwa daga gaɓar tafkin Chadi. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1986 a kan cinikin gishiri a wannan yanki, ya bi bayan waɗannan sunaye da awon masana sinadarai, sai ga shi gwangwarasa, wadda majema ke saye, galibinta gishirin farar wuta ne, abin da ake kira salfet, kuma manda ma tana da rabonta. Wato a shekarun da Tanimun ke jiran raƙuman arewa, jakuna na wucewa ta ƙasarsa da farar wuta mangala-mangala, cikin wata kama da wani suna. Ba za ta yi albarushi a wannan kamar ba. Amma a wannan kamar ce kaɗai saiwar tsiro ke iya shanta.

Inda aka fi ganin aikin da ido shi ne bakin tabki, bayan kaka, lokacin da ruwa ya fara ja da baya. Ka soka kara a cikin taɓo. Saman toka-toka ne ko ja-ja, amma da ka wuce tsawon yatsa sai karan ya fito baƙi ƙirin, wani ɗoyi na ruɓaɓɓen ƙwai ya biyo shi. A can ƙasa babu iska, kuma akwai ƙwayoyin bakteriya da suka iya rayuwa ba tare da ita ba: suna cin ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu, suna shaƙar salfet a madadin iska, suna fitar da waccan iskar mai ɗoyi. Ita kuma in ta gamu da ƙarfen da ke cikin laka sai ta rina shi baƙi. Yanzu ɗebo baƙar lakar ka ajiye a rana. Kafin a jima baƙin ya gushe, ɗoyin ya tafi, ta koma launin ƙasa, domin iska ta shige ta, wasu ƙwayoyin kuma na dabam sun mai da abin salfet kamar da. Wani Barashe, Sergei Winogradsky, shi ya bayyana masu wannan aikin na biyu a 1887, ya nuna cewa akwai rayayyun da farar wuta ce abincinsu. Martinus Beijerinck kuma ya kamo masu aikin farkon a 1895 daga lakar magudanun ruwa na Delft a ƙasar Holan. Duk abin da suka gani a gilashin awo yana faruwa a tabkin da ƴan matan Hamdara ke wanki a bakinsa. Yana faruwa kuma a cikin shadda da tsohuwar rijiya, inda iskar ke taruwa har ta kashe mai yasa. In ta yi yawa ƙwarai tana kashe jin wari tukuna, mutum ya ɗauka ta tafi.

Daga saiwa sai ganye. Tsiro na ɗaukar salfet ya gina wasu tubala biyu na furotin da shi, metiyonin da sistin, kuma ɗan Adam da dabba ba su iya ƙera metiyonin da kansu, sai sun ci. Wake yana da ƙarancinsa, gero ya fi shi. Gero kuma yana da ƙarancin wani tubalin da wake ke da shi a wadace. Manomin da ke shuka wake a tsakanin layukan geronsa, da uwargidan da ke haɗa su a tukunya, sun daɗe da daidaita wannan lissafi. Albasa da tafarnuwa kuwa makami suka yi da ita. Hawayen da ke zubo wa mai yanka albasar Galmi, wata iska ce mai farar wuta da ke tashi daga inda wuƙa ta ratsa. Yajin ganyen zogale ɗanye ma daga can yake.

A nan ne nake ganin Hausa ta san abin fiye da yadda sunansa ya nuna, sai dai da hanci ta san shi. Duba yadda muka rarraba wari. Akwai ɗoyi, akwai ƙauri, akwai ƙarni, akwai zarni, akwai hamami, kuma ba wanda zai musanya ɗaya da ɗaya. Ranar Sallar layya, in aka ɗora kai da ƙafafu a wuta ana babbaka, ƙaurin da ke cika unguwa ba irin na tuwon da ya kama ba ne, ko yaro ya san bambancin. Gashi da ƙaho da kofato da gashin kaza duk abu ɗaya ne ya ƙulla su, zaruruwan furotin da farar wuta ta ɗaure da juna har suka yi tauri, wuta ce ke tsinka ɗaurin ta sake ta cikin iska. Ɗoyin ƙwai da ya lalace ita ce. Warin bakin wanda ya ci tafarnuwa ita ce. Ƙaurin tayar da aka ƙona ita ce, don da ita ake dafa roba ta yi ƙarfi. Kowane zango na tafiyarta mun ba shi suna, amma ba mu taɓa cewa matafiyin ɗaya ne ba. Ko kwallin da ke gefenta a kan buhun mai kaya, dutse ne na dalma da farar wuta a haɗe, kuma saboda dalmar nan ne likitoci ke hana sa wa jarirai.

Tafiyar tana da faɗi fiye da gona da tabki. Duwatsu na sakinta sannu a hankali in ruwa ya ci su. Koguna na kai ta teku, ƙananan tsirran teku na mai da wani kaso iska, iskar ta hau sama ta taimaka wajen haɗa girgije, ta dawo da ruwan sama. James Lovelock da abokan aikinsa suka auna wannan iskar ta teku a 1972. Dutse mai aman wuta na watsa ta: Pinatubo na ƙasar Filifin, a 1991, ya tura wajen tan miliyan 15 na hayaƙinta sama, har zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri na ɗan lokaci. Amma rabon da ke isowa kowace ƙasa ba ɗaya ba ne, kuma namu kaɗan ne. Tsakanin Zinder da teku akwai wajen kilomita dubu. Ba mu da dutse mai aman wuta, ba mu da manyan masana'antu masu ƙona kwal. Awon da masu binciken noma na Samaru suka yi a shekarun 1970 ya nuna cewa ruwan sama a arewacin Najeriya bai kawo wa hekta guda abin da ya wuce kimanin kilo ɗaya na farar wuta a shekara. A daidai lokacin gonakin Ingila na samun gomman kilo daga hayaƙin kwal, ruwan da ya ƙona musu dazuzzuka da tafkuna a Turai shi ne kuma yake ba alkamarsu taki kyauta. Da suka tsabtace hayaƙin, sai ga manomansu a shekarun 1990 suna sayen takin farar wuta da kuɗinsu.

Mu ba mu taɓa samun wannan kyautar ba. Abin da ke cikin gonar Hamdara adashi ne: ƙasa ta zuba, gero ya kwasa, akuya ta kwasa, mutum ya kwasa, kuma yana tafiya ne muddin kowa na mai da zubinsa. Da can ana mayarwa. Gona na hutawa shekaru. Kara na kwana a inda ya tsiro, gara ta ci, ƙasa ta karɓa. Makiyayi na sauka da garkensa a gona da rani bisa yarjejeniya da mai ita, ya bar taki ya tafi da damin hatsi. Gawo, wanda ake ba da labarin cewa sarakunan Damagaram sun tsananta hukunci a kan mai sare shi, yana zuro saiwa can ƙasa ya jawo abin da ruwa ya wanke, ya zubar da ganyensa da damina a kan shuka, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa su bar kashinsu. Miliyoyin hektocin da manoman Maraɗi da Zinder suka sake rayar da itatuwa a cikinsu tun tsakiyar shekarun 1980 sun dawo da wani ɓangare na wannan zubi, kuma abin a yaba musu ne ƙwarai.

Sai dai ƙofofin fita sun yi yawa. Hutun gona ya ƙare, don bakuna sun ƙaru, gonaki sun tsuke. Da an gama girbi ake kwashe kara, na danga, na rumbu, na murhu, na dabbobi. Harawa ana ɗaure ta a kai birni a sayar wa masu kiwon raguna. Wake na tsallaka iyaka zuwa Najeriya, raguna na binsa, kamar yadda gyaɗa ta riƙa fita tan-tan zuwa Turai a zamanin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, ke sayenta. Ɗan abin da ya saura a gona kuma a tara shi lokacin sharar gona a cinna masa wuta. Toka na riƙe wasu abubuwan amfani, amma farar wuta da naitirojin yawancinsu hayaƙi suke bi. Ban ga laifin manomi a nan ba. Wanda ke da akuya uku da rani a gabansa ba zai bar kara ya kwana a gona don gara ba, kuma kuɗin harawa shi ke sayen magani.

Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo baya. Da damina ta yi nisa, manomi ya shiga gonar gyaɗa ko masararsa ya ga ganye ya yi ɗorawa. Kalma ɗaya yake da ita: gona na son taki. Ya sayar da akuya, ya sayo yuriya, ya zuba. Wani lokaci ganyen ya farfaɗo, wani lokaci ya tsaya yadda yake, sai a ce takin bana ba shi da kyau, ko a ce ƙasa ta gaji. Alhali yunwar iri biyu ce, kuma tsiron da kansa yana faɗar wacce ce. In naitirojin ya rasa, tsofaffin ganyen ƙasa ne ke fara yin ɗorawa, domin tsiro na kwashe abin da ke cikinsu ya kai wa sababbi. In farar wuta ya rasa, ba ya iya kwaso ta da sauƙi daga tsofaffin, don haka sababbin ganyen kai ne ke fitowa koɗaɗɗu, na ƙasa na nan kore. Kusan duk kashi 15 na naitirojin da tsiro zai gina furotin da shi yana bukatar kashi ɗaya na farar wuta. In ɗayan nan babu, sha biyar ɗin ba su da inda za su shiga. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, ba ta da farar wuta ko ƙwaya. Takin DAP ma kusan haka. Tsohon takin supa, wanda dattawan da suka yi noman gyaɗa ke tunawa da alheri, yana da kusan kashi 12, kuma tun shekarun 1950 gwaje-gwaje a arewacin Najeriya suka nuna cewa wani ɓangare na amfanin da gyaɗa ke samu daga supa na wannan kason ne. Da aka koma ga takin da ya fi ƙarfi a buhu, an rage kuɗin dako, an kuma zubar da wannan kason a hanya ba tare da an gaya wa manomi ba. Shi kuwa ba zai tambayi abin da bai san yana saye ba.

Ba wai ƙasar ta rasa abin ba ne. Duniya na fitar da wajen tan miliyan 80 na farar wuta a shekara, galibinta daga tace man fetur da iskar gas. Manyan motoci sun shekara da shekaru suna haurowa da ita daga gaɓar teku zuwa Arlit, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971, a mai da ita ruwan batir mai ƙarfi a narka dutse da shi. A yankin Tawa akwai farin dutsen jibsin, wanda salfet ne tsantsa da alli, ana haƙarsa don simintin Malbaza, kuma shi ne takin da manoman gyaɗa na Indiya da Amurka ke zuba wa gonakinsu. Har a cikin iskar garuruwanmu tana nan inda ba a son ta: binciken da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 ya sami man dizal a Afirka ta Yamma mai farar wuta ninkin abin da dokar Turai ta yarda sau ɗaruruwa, abin da ya sa ƙasashen yankin suka amince a 2020 da iyakar kashi 50 cikin miliyan. Tana shiga huhun ɗan kabu-kabu a birni, ganyen gyaɗa a ƙauye na nemanta.

Habasha ta taɓa tsayawa a inda muke. Shekaru da dama yuriya da DAP kaɗai manomanta suka sani. A 2012 gwamnatin ƙasar ta fara auna ƙasar noma gunduma-gunduma, awon ya nuna ƙarancin farar wuta a mafi yawan wurare, cikin ƴan shekaru kuma aka maye gurbin DAP da wani takin mai ɗauke da ita. Manoman auduga na Mali da Burkina Faso da Benin ma sun daɗe suna karɓar taki mai harafin S, alamar farar wuta, a jikin buhu. Awon ƙasa aikin hukuma ne da cibiyar binciken noma ta INRAN da jami'o'i, kuma ina fatan su kai shi har rairayin Mirriya da Magarya da Matamai. Amma akwai rabon da ke hannun masu magana, malaman gona da masu shirin noma a gidajen rediyon karkara da mu masu rubutu. In aka ce wa manomi gonarsa na da ƙarancin salfa, an ba shi wata baƙuwar kalma ce da zai manta kafin ya kai gida. In aka ce masa farar wutar nan da ya sani, ta maganin ƙazuwa, ita ce gyaɗarsa ke nema, kuma ita ce yake jin ƙaurinta ranar babbaka, zai yi mamaki, zai yi gardama, wataƙila ya yi dariya, amma zai riƙe. Daga nan yana iya tsayawa gaban mai sayar da taki ya juya buhu ya nemi harafin S, ya tambayi ko akwai supa.

Gwajin ma bai fi ƙarfin kowa ba. A ware layi huɗu a gonar gyaɗa, biyu a sa musu ɗan supa ko garin jibsin lokacin shuka, biyu a bar su yadda aka saba. Bayan mako huɗu a duba ganyen kai, a kuma tumɓuke tushe ɗaya daga kowane ɓangare a ƙirga ƴan ƙululun da ke jikin saiwa. Da kaka a auna kwanon kowane layi dabam, a gaban maƙwabta.